Najashi a gwanjon katin besbol: wa ya taya, wa ya biya?

A ranar 28 ga Agustan 2022, gidan gwanjo na Heritage da ke birnin Dallas a Amurka ya sayar da wani ɗan kwali da bai kai tafin hannu ba a kan dala miliyan 12.6. Babu zinari a jikinsa, babu lu'ulu'u. Hoton wani matashin ɗan wasan besbol ne mai suna Mickey Mantle, ya saɓa sandarsa a kafaɗa. Kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952, ya cusa shi a ƙunshin cingam da ake sayar wa yara. Mutumin da ya kai shi gwanjo kuwa dala 50,000 ya saye shi a 1991. Mai karatu ya yi lissafi da kansa, farashin ya ninka fiye da sau 250 cikin shekara 31.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Besbol ba wasanmu ba ne. Yawancinmu iyakar abin da muka sani shi ne, wani yana jefa ƙwallo, wani ya make ta da sanda ya zaga fili da gudu. A Nima ko Aboabo, idan ka ce Mantle ba wanda zai waigo, amma ka ce Abedi Pele ko Asamoah Gyan yanzu musu ya ɓarke. Haka ne. Sai dai ba wasan ne ya ja ni wannan rubutu ba, cinikin ne. Domin a bayan waɗannan manyan kuɗaɗe akwai wani tsohon zargi da ya ƙi mutuwa, wato tayin ƙarya: a sa mutumin da ba shi da niyyar saye ya riƙa ƙara kuɗi don mai son kayan da gaske ya zurma. Mu Musulmi muna da sunan wannan abu tun fiye da shekara 1,400 da suka wuce. Sunansa najashi.

Matsayina a kan wannan magana ɗaya ne. Farashin da aka ji a gwanjo shaida ce da kasuwa ta bayar a kan darajar kaya, kuma mai tayin ƙarya shaidar zur yake yi. Ba mutum ɗaya yake cuta ba. Duk wanda zai zo daga baya ya dogara da wannan farashi, shi ma an cuce shi, ko da bai taɓa jin sunan wanda ya yi aika-aikar ba.

Kafin mu kai ga zargi, ya kamata a yi wa kasuwar adalci, domin ba kowace tsada ce ƙarya ba. Akwai katunan da ƙarancinsu na gaske ne. Sarkinsu shi ne na Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh, wanda kamfanin taba na American Tobacco ya riƙa sawa a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. An dakatar da buga nasa tun da wuri. Wasu sun ce ƙin yarda ya yi yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu kuma sun ce batun kuɗi ne ya haɗa su. Ko ma wanne ne, waɗanda suka rage a duniya yau ba su kai 100 ba. Shi ma na Mantle yana da nasa labarin. A ƙarshen kakar wasa aka fito da rukunin da yake ciki, bai samu kasuwa ba, kuma Sy Berger, jami'in Topps da ya tsara katunan, ya sha faɗin cewa daga baya lodin ragowar aka yi a jirgin ruwa aka juye a teku. Ka haɗa wannan da iyaye mata da suka share katunan 'ya'yansu suka zuba a shara, sai ka ga dalilin da ya sa mai kyau a cikinsu ya yi wuyar samu.

Ga ƙarancin kaya, ga kuma masu kuɗi. Yaran da suka tashi suna son Mantle sun girma, wasunsu sun zama attajirai, suna neman su sayi ƙuruciyarsu. Sai kuma korona ta zo a 2020, aka kulle mutane a gida, gwamnatin Amurka ta raba wa jama'a kuɗin tallafi, kuɗin ruwa a bankuna ya faɗi ƙasa warwas. Masu neman inda za su zuba kuɗi suka afka wa kati. Irin katin Mantle da aka sayar dala miliyan 2.88 a 2018, a Janairun 2021 an sayar da mai daraja irin tasa dala miliyan 5.2. Wani Wagner ya kai miliyan 6.6 a Agustan 2021, wani kuma miliyan 7.25 bayan shekara guda. A Disambar 2023 katin Babe Ruth na 1914 ya tashi miliyan 7.2. Abin ya kai har kamfanin PSA, wanda ya fi kowa suna wajen tantance kati, ya dakatar da karɓar yawancin aiki a Maris na 2021 saboda kaya sun yi masa yawa. A watan Mayu na wannan shekarar kuma kantunan Target suka daina sayar da katunan wasanni a cikin shagunansu na ɗan lokaci, bayan wata rigima da aka yi a kan kati a harabar wani reshensu na jihar Wisconsin, har aka zaro bindiga.

To duk wannan gaskiya ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma masu zargin tayin ƙarya ba daga sama suka tsinto maganar ba. Wannan kasuwa tana da tarihi, kuma tarihin yana rubuce a kotu.

A farkon shekarun 2000 babu gidan gwanjon kayan tarihin wasanni da ya kai Mastro Auctions, da ke kusa da Shikago. Mai shi, Bill Mastro, kusan shi ne sarkin kasuwar. A 2012 gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi da wasu manyan ma'aikatansa. A Oktoban 2013 ya amsa laifin zamba, ya yarda cewa tsawon shekaru, daga 2002 zuwa 2009, an riƙa sa tayin bogi a gwanjonsu don a ɗaga farashi. A 2015 aka ɗaure shi wata 20. Doug Allen, wanda ya shugabanci kamfanin a ƙarƙashinsa, shi wata 57 ya samu. Ka ga ke nan ba wani ɗan damfara ne a lungu ba. Gidan da kowa ya amince da shi ne, wanda sakamakon gwanjonsa ya zama ma'aunin da sauran jama'a ke auna kayansu da shi.

Akwai ƙari. A cikin wannan shari'a Mastro ya amsa abin da aka daɗe ana raɗe-raɗinsa, cewa shi ne ya datse gefen katin Wagner mafi shahara a duniya don ya yi kyan gani. Wannan kati shi ne wanda fitaccen ɗan wasan ƙanƙara Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. Shi ne kuma kati na farko da PSA ta taɓa tantancewa, ta ba shi maki 8 cikin 10, alhali a ƙa'idar tantancewa katin da aka datse ba a ba shi maki. Daga nan ya yi ta sauya hannu yana hawa, har ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. Jama'a, ku duba nan da kyau. Tubalin farko da aka ɗora ginin amana a wannan kasuwa, da algus a cikinsa.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, an kama su an hukunta su. To a Agustan 2021, ana tsakiyar hauhawar farashi, eBay ta aika wa abokan hulɗarta sanarwa cewa ta hana kamfanin PWCC sayarwa a dandalinta, domin bincikenta ya nuna wasu masu alaƙa da kamfanin sun yi tayin ƙarya. PWCC kuwa a lokacin yana cikin manyan masu sayar da kati a eBay. Kamfanin ya musanta, ya koma gudanar da gwanjo a nasa dandalin. Zargi dai ba hukunci ba ne, kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka ba zan yanke wa kowa hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Amma abin tambaya yana nan. Idan dandalin da ya fi kowa ganin bayanan masu taye ya fito ya faɗi haka a kan babban dillalinsa, ƙaramin mai saye da ke zaune a ɗaki da wayarsa, da me zai gane tayin gaskiya da na bogi?

Bari in kwatanta yadda abin yake faruwa, domin a nan ne muguntar take. A gwanjon intanet ba sai ka zauna kana ƙara kuɗi kaɗan-kaɗan ba. Kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta ɓoye shi, ta riƙa ƙara maka daidai gwargwadon abin da zai sa ka wuce abokin takararka. A ce, misali, ka sa iyakarka dala 1,000. Mutum na gaskiya da ke neman katin tare da kai ya tsaya a 600. Bisa ƙa'ida kayan naka ne a kan 610 ko makamancin haka. Sai wani da aka turo, ko mai kayan da kansa da wani suna, ya shigo ya yi ta tura farashin har 950, ya ja da baya. Na'ura ta ɗaga naka zuwa 960. Ka ci gwanjo. Har murna kake yi wai ka samu ƙasa da abin da ka ware, alhali an zare maka dala 350 daga aljihu ba ka ji ko motsi ba. Ingiza mai kantu ruwa ke nan, an tura ka ka shiga, su sun tsaya a bakin gaɓa.

Idan kuma aka yi rashin sa'a ɗan koren ya wuce iyakarka ya ci, ba abin da ya ɓaci. A soke cinikin a ce mai saye bai biya ba, bayan 'yan makonni a sake fito da kayan. Sunayen masu taye a rufe suke, eBay ma haruffa biyu da taurari take nunawa, wai don kare mutane daga 'yan damfara. Dalilin yana da kyau, amma labulen da ya kare mai gaskiya shi ne dai ya rufe maƙaryaci. Idan kuwa gidan gwanjon da kansa yana iya ganin iyakar da ka ɓoye, to ka shiga ciniki da wanda ya riga ya leƙa aljihunka.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan wanda aka zare wa 350 ba. A wannan kasuwa, kati ba ya haihuwa, ba ya ba da haya, ba a ci, ba a sha. Darajarsa ɗaya ce tak, abin da aka sayar da irinsa jiya. Akwai shafuka da manhajoji da aikinsu ke nan, tattara farashin da aka sayar da kowane kati. Da zarar 960 ta shiga wannan kundi, ta zama hujja. Mai sayarwa na gaba zai ce ga abin da aka saya makon jiya. Mai inshora zai duba ta, mai ba da bashi a kan jinginar kati zai duba ta, magada masu rabon gado za su duba ta. Wanda yake da kati iri ɗaya guda 20 a akwati kuwa, ko da shi ya sayi nasa da kansa ya biya la'ada, bai yi asara ba, domin ya ɗaga darajar sauran 19. Ƙarya ɗaya ta haifi farashi, farashin ya haifi wasu cinikai na gaskiya, daga nan ba mai iya raba tsaki da tsakuwa.

Sannan a duba wa aka ba gadin ƙofa. Gidan gwanjo kaso yake ci. Manyan gidajen suna ɗora wa mai saye kusan kashi 20 cikin 100 a kan farashin da aka buga, sau da yawa kuma su karɓi wani abu a hannun mai kaya. Duk dalar da farashi ya ƙaru, su ma sun ƙaru. Ga shi kuma kasuwar tana ta tattaruwa a hannun 'yan tsiraru. Fanatics ta sayi sashen kati na Topps a farkon 2022, ta sayi PWCC a 2023. Gidan gwanjo na Goldin ya kasance ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya da PSA daga 2021, kafin eBay ta saye shi a 2024. Ban ce kowannensu kura ba ne. Abin da na ce shi ne, tsarin da ya bar mai cin ribar tsada ya zama shi kaɗai ke ganin littafin taye, tsari ne da ya dogara kacokan a kan tsoron Allah na mai littafin. Labarin Mastro ya nuna abin da ke faruwa ranar da tsoron ya yi ƙaranci.

Akwai masu kare wannan ɗabi'a, kuma hujjarsu tana da ɗan kama hankali. Suna cewa, ai ba wanda ya tilasta maka. Kai ka rubuta 1,000 da hannunka, ka biya 960, ina cutar? Amsa ita ce, yarda da aka gina a kan ƙarya ba yarda ba ce. Mutumin bai ce zai biya 1,000 ko ta halin ƙaƙa ba. Cewa ya yi zai biya har 1,000 idan akwai wani mai so da gaske da ya tura shi can. Wannan sharaɗi shi ne gwanjo. Idan mai kaya ba ya son ya sayar ƙasa da 950, hanya a buɗe take, ya faɗa tun farko cewa ga mafi ƙarancin abin da zai sallama. Wannan halal ne, kuma kowa ya san inda ya tsaya. Abin da ya sa ba ya faɗa shi ne ya san mutane sun fi zumuɗi idan suka ga wasu na rububi. Wato ba kayan kaɗai yake sayar maka ba, har da rububin da ya ƙirƙira.

A nan ne addininmu ya riga kowa. Musulunci bai hana gwanjo ba. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar wa wani mabuƙaci shimfiɗa da ƙoƙo ta wannan hanya, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa ya hana najashi. Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa, cewa shi ne mutum ya taya kaya sama da kimarsu ba don yana son saye ba, sai don wani ya bi sahunsa. Malamai sun haɗu a kan cewa mai yin haka mai saɓo ne. Inda suka saɓa shi ne makomar cinikin. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan mai kaya ya san da abin, mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta sake tabbatar da halaccin gwanjo da haramcin najashi, har ta lissafa wasu sigoginsa, ciki har da mai kaya ya yi ƙaryar cewa an taya masa kaza, da kuma tallan da ke zuzuta kaya da siffofin da ba su da su.

Abin sha'awa, dokar ciniki da jihohin Amurka ke aiki da ita ta faɗo kusa da nan. Ta ce idan aka karɓi tayi a madadin mai kaya ba tare da an sanar tun farko cewa yana da wannan dama ba, mai saye yana iya warware cinikin, ko ya karɓi kayan a kan tayin gaskiya na ƙarshe. Ka ga doka tana nan. Matsalar ita ce wanda aka cuta bai san an cuce shi ba, balle ya nemi haƙƙinsa. Hukumar FBI sai da ta shafe shekaru tana bincike kafin ta kai Mastro gaban alƙali. Wa zai yi wa mai katin dala 200 wannan wahala?

Yanzu mu dawo kan tambayar farko, mu ina ruwanmu? Ruwanmu biyu ne. Na farko, kasuwar ba ta yi mana nisan da muke zato ba. Filin wasan Yankees, ƙungiyar da Mantle ya yi wa wasa duk rayuwarsa, yana unguwar Bronx ne a birnin Niyok, inda 'yan'uwanmu da yawa daga Gana suke zaune. 'Ya'yansu a cikin wannan al'ada suke tashi, suna ganin ana cewa kati jari ne. Kuma abin ya riga ya tsallako zuwa ƙwallon ƙafa, wasan da muke mutuwar so. A 2022 an sayar da katin Pele na Brazil na 1958 a kan dala miliyan 1.33. Matashin da ke Kumasi ko Tamale da waya a hannu, yau yana iya shiga gwanjon da ake yi a wata nahiya. Ba a nuna masa cewa daga 2022 farashin yawancin sababbin katuna ya rikito, mutane da yawa da suka saya a ganiyar tsada suka tafka asara. Labarin miliyan 12.6 kawai yake ji. Mu da muka ga yadda ta ƙare da masu zuba kuɗi a Menzgold a 2018, bai kamata a sake yi mana bayanin abin da kwaɗayin riba a kan abin da ba ka fahimta ba yake jawowa.

Na biyu kuwa ya fi kusa, kuma ya fi ɗaci. Najashi ba sai da intanet ba. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen ragon layya, a Turaku ta Ashaiman ko a kowace kasuwar dabbobi, ya san salon. Kana cikin ciniki sai ga wani ya ɓullo, ya dafa ragon, ya buɗe bakinsa, ya taya sama da kai, mai rago ya ce albarka. Kai kuma zuciya ta ɗebe ka, kada a ƙwace maka a gaban ɗanka, ka ƙara. Da yamma mai tayin ya dawo ya karɓi nasa kason. Ko kuma mai kaya ya rantse maka cewa ɗazu-ɗazun nan aka taya masa kaza ya hana, alhali tun safe ba wanda ya tsaya a kansa. Haka ake yi a cinikin fili, a ce maka wani Alhaji yana hanya da kuɗi a hannu. Haka ake yi a cinikin mota da waya. Yanzu kuma ga masu sayar da atamfa da kayan gwanjo kai tsaye a Facebook da TikTok, inda ƙawaye ke cika wurin da na ɗauka, na ƙara, don baƙuwa ta ruɗe. Mun ba abin sunaye masu daɗi, wayo, iya kasuwa, taimakon ɗan'uwa. Ba dukan dillalai ke yi ba, akwai masu amana da yawa da suka tsufa a sana'ar ba a taɓa jin su da haka ba, kuma su ne na farko da wannan ɗabi'a take ɓata wa suna. Amma masu yi sun san kansu, kuma bambancinsu da Mastro yawan kuɗin ne kawai.

Mu da muke zaune a matsayin marasa rinjaye, wannan ya fi shafarmu. Kakanninmu da suka kafa zangonni daga Salaga zuwa Kumasi da Akra, da fataucin goro da shanu suka zo, kuma jarinsu na farko amana ce. Baƙo yakan sauka gidan maigida ya damƙa masa dukiyarsa, ba takarda ba sa hannu. Maƙwabcinmu da ba Musulmi ba bai karanta Muwaɗɗa ba, mu yake karantawa a kasuwa. Ranar da ya gane an haɗa baki an ɗaga masa farashin sa, ba dillali ɗaya zai zarga ba.

To mene ne abin yi? A can Amurka, gidajen gwanjo ba sa buƙatar sabuwar fasaha, niyya suke buƙata. A hana ma'aikatan gida da masu kaya taya abin da ake sayarwa, in kuma an ba su dama, a rubuta ɓaro-ɓaro inda kowa zai gani, ba a ƙasan dogon sharaɗi da ƙananan haruffa ba. A rufe iyakar tayin mutane yadda ko mai gidan ba zai gani ba. A bar wani mai bincike daga waje ya riƙa duba littafin taye. Kuma duk cinikin da ba a biya ba, a goge shi daga kundin farashi, a bayyana cewa bai tabbata ba. Gidan da ya ƙi waɗannan, masu saye suna da damar su tambaye shi dalili.

Shi kuma mai saye, ko kati ne ko rago, kariyarsa ɗaya ce. Ka yanke abin da kayan suka cancanta a wurinka tun kafin ka shiga, kada ka bari ihun wasu ya yanke maka. Kada ka dogara da ciniki ɗaya da aka ce an yi jiya, ka nemi da yawa, a wurare daban-daban. Kada ka ci bashi don sayen abin da ba ya haihuwa. Idan ka ga wanda ba ka sani ba yana bin ka taku-taku yana ƙara kaɗan-kaɗan, ka tsaya, ka bar masa. Idan mai saye ne na gaske, Allah ya sa masa albarka. Idan kuwa na bogi ne, ka bar shi da kayan ubangidansa.

Ga malamanmu da sarakunan zango da shugabannin kasuwa kuma, ina roƙo da girmamawa. Ana yawan yi mana wa'azi a kan riba da tauye mudu, kuma ya dace. Amma da wuya ka ji an ambaci najashi da sunansa a huɗuba, har wasu masu yi ba su ma san yana da suna ba. Makonnin da ke gaban babbar Sallah lokaci ne da ya dace a yi wannan bayani, a masallaci da kuma cikin kasuwar kanta. Shugabannin dillalai su ma suna da ikon da kotun Shikago ba ta da shi, domin sun san kowa da fuskarsa. Idan suka ce duk wanda aka kama yana tayin ƙarya zai bar kasuwa na wani lokaci, kuma a mayar wa mai saye abin da aka ɗora masa, za a ga canji kafin shekara ta zagayo.

Attajiran Amurka za su ci gaba da sayen kwalinsu, kuɗinsu ne. Wataƙila gobe mu ji wani ya haura abin da muka lissafa a nan. Idan labarin ya zo, kafin mu riƙe baki mu ce kai, mu fara tambaya, su wa suka taya, kuma an biya kuwa? Sannan mu ɗauki wannan tambaya mu tafi da ita kasuwarmu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu da cin haram, ya sa albarka a cinikinmu, amin.